Baiwa ce ko horo? Tafiyar Natalie Dessay a ofera, da abin da ya sa ta sauka tana da shekara 48

Wata ɗaliba mai karatun wasan kwaikwayo ce ta aiko da tambaya. Ta ce ta ga bidiyon wata Bafaranshiya mai suna Natalie Dessay tana waƙa cikin shigar 'yar tsana, murya siririya tana hawa tana gangarowa da gudu, kuma babu makirufo a gabanta. Tana son ta san ko wannan baiwa ce ko koyo, da irin makarantar da ake shiga. Ta ƙara da cewa ta bincika ta ga matar ta bar ofera tana da shekara 48 kacal, alhali mawaƙanmu na gida suna waƙa har furfura ta rufe musu kai, shin muryar ce ta mutu?

Ƙanwata, kin yi sa'ar wadda kika fara gani, domin a cikin zabiyoyin Faransa na zamanin nan babu wadda rayuwarta ta fi tata bayyana yadda wannan sana'a take, daɗinta da ɗacinta. Tambayarki ta ƙarshe ita ce mai nauyi, amma ba za ta amsu ba sai mun bi ta kan na farkon.

Ofera wasan kwaikwayo ne da ake rera zancensa maimakon a faɗe shi, gungun makaɗa suna rakiya daga wani rami da ke gaban dandamali. A Italiya ta samo asali wajen shekarar 1600. Makaɗan nan sukan kai 60, wani lokaci har 100, ga masu goge iri-iri, ga masu busa, ga masu ganguna, kuma ana so mace ɗaya ta ɗaga murya ta keta ta cikinsu ta isa kunnen wanda ke kujerar ƙarshe. Babban zauren ofera na New York, wanda ake kira Metropolitan, yana ɗaukar mutum kimanin 3,800. Na Bastille da ke Faris yana ɗaukar wajen 2,700. Babu lasifika. Abin da kika ji a bidiyon, da naman maƙogwaro da iskar huhu kawai aka yi shi.

A cikin maƙogwaron kowa akwai tantani guda biyu masu kama da leɓɓa, a jikin mace tsawonsu bai kai santimita 2 ba. Idan iska ta taso daga huhu ta ratsa tsakaninsu sai su riƙa buɗewa suna rufewa, wannan kaɗawar ita ce murya. Mace tana hira, tantanin nan yana kaɗawa kamar sau 200 a daƙiƙa. A waƙar Sarauniyar Dare da Mozart ya rubuta a 1791, wadda Dessay ta yi suna da ita, sautin da ya fi kowane tsayi yana buƙatar kaɗawa kusan sau 1,400 a daƙiƙa ɗaya, kuma ba a yarda ki kusance shi ba, sai dai ki faɗa a kansa daidai, ki bar shi, ki sake komowa. To, a nan baiwa take. Tsawon tantanin, da kaurinsa, da laushinsa, da faɗin maƙogwaro, Allah ne yake tsara su, malami ba ya ƙara ko ya rage. Macen da aka halitta da murya mai kauri ko ta shekara ashirin tana horo ba za ta zama Dessay ba, kuma bai kamata ta nema ba, domin tana da nata gurbin. Faransa ɗin ma ta fitar da Régine Crespin, wadda muryarta mai faɗi ce mai nauyi, ta yi suna a manyan ayyukan Jamusawa da Dessay ba ta taɓa kusanta ba. Dukansu sofrano ake ce musu, wato muryar mata mafi tsayi, amma aikinsu daban.

Sai dai baiwar nan ita kaɗai ba ta kai mutum ko bakin ƙofa. Sautin da tantanin yake fitarwa ƙanƙane ne, maƙogwaro da baki su ne suke girmama shi, kuma yadda za a sarrafa su shi ne ake shekaru ana koya. Ki sake kallon bidiyon ki lura da bakinta. Duk lokacin da ta hau can sama za ki ga muƙamuƙinta ya saki, bakin ya buɗe sosai. Ba ado ba ne. Tana daidaita girman kogon baki ne da sautin da take fitarwa don su yi amo tare, sautin ya ninka ƙarfi ba tare da ta matsa wa maƙogwaro ba. Shi ya sa ko Bafaranshe da kansa ba ya gane kalmomin idan zabiya ta kai ƙololuwa, duk wasulan sukan koma kusan iri ɗaya. Kada kuma ki ɗauki karkarwar nan da take yi a matsayin guɗa. Mai guɗa da harshe take kaɗa sauti, ita kuwa wannan maƙogwaron ne da kansa yake lilo tsakanin sauti biyu maƙwabta, harshe yana kwance.

Da za ki leƙa ɗakin darasi, abin zai ba ki mamaki don rashin armashinsa. Ɗaliba tana tsaye kusa da fiyano, malama ta ɗora mata tafin hannu a ƙasan haƙarƙari, ta ce ta shaƙi iska har hannun ya motsa amma kafaɗa ba ta ɗaga ba. Sannan ta saki iskar a hankali da sautin "sss", siriri, ba yankewa, haƙarƙarin yana nan a buɗe bai rufta ba. Bayan haka a ɗauki wasali ɗaya, a hau matakai biyar a sauko, a matsa sama kaɗan a sake, a sake, a sake. Akwai wani atisaye da ni a wurina shi ne ma'aunin gaskiya: a kama sauti ɗaya tak, a fara shi can ƙasa-ƙasa kamar raɗa, a kumbura shi sannu a hankali har ya cika ɗaki, a dawo da shi inda aka faro, duk a numfashi ɗaya, ba tare da ya karkace ko ya girgiza ba. Ɗalibar da ta iya wannan a kowane mataki na muryarta ta yi nisa. Da yawa masu iya tsalle zuwa ƙololuwa a nan suke faɗuwa.

Kuma ba a yin sa duk yini. Mai koyon fiyano yana iya zama awa shida yana bugawa, mai murya kuwa idan ta haura awa biyu zuwa uku ta fara cin jarinta. Sauran lokacin a bakin shiru ake aiki: karanta rubutun kiɗa har ido ya ga alama kunne ya ji sautinta, haddace zance, da koyon harsuna. Dole zabiya ta iya furta Italiyanci da Jamusanci da Faransanci yadda mai harshen ba zai yamutsa fuska ba, wasu su ƙara da Rashanci ko Ingilishi. Faransanci ma yana da tasa wahalar, don yana da wasulan da ake fitarwa ta hanci, kuma idan aka saki iska ta hanci da yawa sautin ya dushe. Wani abin da mutane ba su sani ba shi ne mai waƙa ba ta jin kanta yadda zaure yake jin ta, domin ƙasusuwan kanta suna kai mata sautin ta ciki. Don haka har ta yi ritaya tana buƙatar kunnen wani a waje. Dessay ta yi shekaru masu yawa tana komawa wurin malaminta Jean-Pierre Blivet, har bayan duniya ta san ta. Malamin nan yana gyara abin da ba ya gani ne, da kunne da kwatance kawai. Sai a 1854 ne ma wani malamin waƙa, Manuel García, wanda ya koyar a Faris kafin ya koma Landan, ya yi dabarar sa ɗan madubi a maƙogwaro ya ga tantanin yana motsi, kuma likitocin maƙogwaro sun ci gajiyar dabarar tasa.

Game da makaranta, Faransa tana da tsari mai hawa-hawa. Garuruwa da yankuna suna da makarantun kiɗa da waƙa da hukuma ke tallafawa, kuɗinsu da sauƙi, a samansu kuma akwai manya biyu na ƙasa, ta Faris wadda aka kafa a 1795 da ta Lyon. Mai goge yakan fara tun yana ɗan shekara biyar ko shida. Mai waƙar ofera ba ta fara horo na gaske sai maƙogwaro ya gama girma, wajen shekara 17 zuwa 20, shi ya sa da yawansu sukan shigo daga wani fannin. Sabine Devieilhe, wadda aka haifa a 1985, da babban goge ta fara kafin ta koma waƙa ta gama makarantar Faris a 2011.

Ita Dessay ba ta bi ta babbar makarantar Faris ba sam. An haife ta a Lyon ranar 19 ga Afrilu, 1965, ta tashi a wani gari kusa da Bordeaux. Tana ƙarama rawa take so, daga baya zuciyarta ta koma kan wasan kwaikwayo, irin karatun da kike yi. A ajin wasan kwaikwayon ne aka lura da muryarta aka ce ta gwada waƙa, sai ta shiga makarantar Bordeaux. Ki riƙe wannan da kyau, domin duk abin da ya biyo baya daga nan ya taso: 'yar wasa ce da murya ta ja ta zuwa wani gida, kuma ita kanta ta sha faɗar haka a hirarraki.

Aikinta na farko 'yar amshi ce a gidan ofera na Capitole da ke Toulouse. Ina ganin wannan matakin ana raina shi ba bisa haƙƙi ba. A cikin 'yan amshi mutum yake koyon kallon sandar jagoran makaɗa ta wutsiyar ido yana tafiya, da yadda ake waƙa cikin tufafi masu nauyi a ƙarƙashin fitilu masu zafi, da yadda manya suke tattalin murya a ranakun gwaji. A 1988 ta yi nasara a gasar sababbin muryoyi ta Voix Nouvelles, abin da ya buɗe mata ƙofar makarantar horo ta gidan ofera na Faris, ba da jimawa ba kuma ta ci gasar Mozart a Biyana, babban birnin Ostiriya. Gasa a wannan sana'a kasuwa ce. Kyautar kuɗin ba ita ce abin nema ba, masu ɗaukar aiki da dillalan mawaƙa ne suke zaune a zauren da alƙalami a hannu.

A 1992 ta fito a Bastille a matsayin Olympia, 'yar tsanar da kika gani, a cikin oferar Offenbach ta 1881. Labarin wani mawaƙi ne da ya kamu da son 'yar tsana mai inji yana zaton mutum ce. Ana cikin waƙar sai wanin injin ya ƙare, muryar ta yi ƙasa ta mutu, a zo a murɗa mata mabuɗi a baya ta farfaɗo ta ci gaba. Zabiyoyi da yawa sukan tsaya cak su rera shi da kyau su karɓi tafi. Dessay ta sa jikinta duka a ciki, wuya, ido, yatsu, yadda mai kallo zai yi dariya kuma tsigar jikinsa ta tashi a lokaci guda.

Daga nan ta tafi Biyana ta zama ma'aikaciyar gidan ofera na can a 1993, kuma akwai dalilin da ya sa matasan Faransa suke yin haka. A ƙasashen da ke jin Jamusanci gidajen ofera suna riƙe da mawaƙa na dindindin masu albashi, ana canza wasa kusan kowane dare. Gidan Biyana yakan nuna ofera wajen 50 a shekara. Matashiya za ta yi ƙaramin rol yau, wato matsayin da ake fitowa a cikinsa a wasa, matsakaici jibi, ta zauna cikin shiri ko wata babba za ta kwanta ciwo a kira ta. Gidan Faris kuwa ya rushe irin wannan tsarin tun farkon shekarun 1970, sai a 2023 ya sake kafa ƙaramin rukuni. A ƙarshen 1993 aka nemi Dessay ta cike gurbi a matsayin Olympia a Biyana, ta shiga ta girgiza gari. Ba a fafe gora ranar tafiya, rol ɗin yana bakinta tun daga Faris.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. A 1994 ta yi Sarauniyar Dare a bikin ofera na garin Aix-en-Provence da ke kudancin Faransa, a shekarar kuma ta fara fitowa a Metropolitan. A 1995 ta yi Lakmé a gidan Opéra-Comique na Faris, rol ɗin da Faransawa suke auna irin wannan murya da shi tun 1883, wanda Lily Pons da Mado Robin da Mady Mesplé suka riƙe kafin ta. Kafin ta cika shekara 35 babu babban gidan da bai neme ta ba.

A nan ne matsalar take, kuma ita ce zuciyar amsar da zan ba ki. A ofera ba ke kike zaɓar wadda za ki zama ba, nau'in muryarki ne yake zaɓa miki. Marubutan kiɗa na ƙarni na 18 da na 19 sun ware siririyar murya mai gudu ga wasu irin mata: 'yar tsana, kuyanga mai wayo, budurwa mai rauni, tsuntsuwa, aljana. Sarauniyar Dare waƙa biyu ce manya, duk zamanta a dandamali bai wuce 'yan mintoci ba, ta zo ta yi tsawa ta tafi. Matan da labari yake tafiya a kansu, masu so da kishi da nadama na awa uku, yawanci an rubuta su ne don murya mai kauri. Ki sa kanki a matsayinta, ke da kike karatun wasa: an ba ki baiwar da duniya take biya don ta ji, amma baiwar ta kulle ki a rol ɗin da ba su da zurfin da kike nema. Duk tafiyar Dessay daga nan ƙoƙari ne na faɗaɗa wannan ɗaki.

Ana cikin haka muryar ta fara ba ta matsala a kakar 2001 zuwa 2002, har ta soke wasanni. A 2002 aka yi mata tiyata a tantanin murya, ta dawo a 2003, sai aka sake yi mata ta biyu a ƙarshen 2004, ba ta koma aiki sosai ba sai 2005. Irin wannan ciwo ƙari ne ɗan mitsitsi ko kumburi da ke fitowa a gefen tantanin, ya hana leɓɓan biyu haɗuwa daidai, iska ta riƙa zurarewa. Mai magana ba zai damu ba, sai dai a ce muryarsa ta ɗan dushe. Ga mai neman kaɗawa 1,400 a daƙiƙa kuwa aiki ya tsaya. Bayan tiyata akwai kwanakin da ba a yarda ki ce uffan ba, ko raɗa, sai rubutu a takarda, sannan a fara gina murya daga tushe kamar sabuwar ɗaliba. Abin da nake girmama ta da shi shi ne ba ta ɓoye ba. A wannan sana'a mawaƙa suna ɓoye ciwon murya kamar abin kunya, don tsoron a ce horonsu ne bai yi ba, ko a daina ba su aiki. Ita ta fito ta faɗa, kuma ni ban yarda da masu cewa duk wanda aka yi wa tiyata bai iya waƙa ba ne. Ɗan ƙwallon da ya fi kowa iya gudu ma yana tsinka jijiya. Ga yawan tafiye-tafiye, ga busasshiyar iskar jirgi, ga mura da ake waƙa a kanta saboda an riga an sayar da tikiti.

Wannan na ƙarshen yana da alaƙa da kuɗi. Baƙuwar zabiya ana biyan ta ne a kan kowane daren da ta hau dandamali. Makonnin gwaji galibi ba su da wani kuɗi na kirki, masauki sau da yawa daga aljihunta, dillali yana da kasonsa, idan kuma ta wayi gari ba murya ta soke, kuɗin daren ya tafi. Manyan gidaje suna ƙulla yarjejeniya shekara uku zuwa biyar kafin wasa, wato ki sa hannu yau a kan muryar da ba ki san yadda za ta kasance ba a lokacin. A Faransa akwai tsarin da ke tallafa wa masu aikin dandamali a tsakanin aiki da aiki idan sun cika awa 507 a shekara, wanda yake rufa wa ƙanana asiri ƙwarai, amma bai cire wa kowa fargabar soke wasa ba.

Shekarun da suka biyo bayan tiyatar, a ganina, su ne mafi kyawunta, ko da yake masu son tsalle-tsallen murya za su yi mini gardama. Ta ajiye 'yar tsana da Sarauniyar Dare ta kama matan da suke da labari. Ta fara Manon, jarumar oferar Massenet mai wannan suna, a Janeba a 2004. A 2007 ta yi La Fille du régiment a Landan tare da mawaƙi Juan Diego Flórez, darakta Laurent Pelly ya mai da ita yarinyar da sojoji suka raina a bariki, ga ta da wando da singileti, tana gugar kayan sojoji tana feraye dankali, kuma duk gudun muryar nan yana fita tana tsakar aikin kamar ƙunƙuni take yi. Wanda bai taɓa gwadawa ba ba zai san wuyar wannan ba: numfashin da ake tattalinsa a tsaye cak, ita tana kashe shi a sunkuye da dutsen guga a hannu. Wasan ya ba ta lambar yabo ta Laurence Olivier, wadda ake ba gwanayen dandamali a Landan, a 2008. A watan Satumba na 2007 ɗin kuma ita ta buɗe kakar Metropolitan da Lucia, amaryar da aka yi wa auren dole ta kashe ango a daren farko ta haukace. Tana saukowa daga matakala da rigar aure jina-jina, kuma kowane hawa da saukar murya ya zama alamar hankalin da ke kwancewa. A hannun wasu zabiyoyi wannan wuri baje kolin gwaninta ne, a hannunta ciwo ne ake kallo. A 2010 gidan Biyana ya ba ta sarautar girmamawa da yake ba manyan mawaƙansa.

Ta matsa har zuwa La Traviata ta Verdi, ta fara a Santa Fe ta Amurka a 2009, ta maimaita a Aix a 2011 da New York a 2012. A nan ra'ayi ya rabu, kuma gaskiya rol ɗin ya fi muryarta nauyi. Tsakiyar wasan yana son murya mai tsoka da za ta yi ja-in-ja da makaɗa, ita kuwa tata siririya ce, kina jin inda take kai iyaka. Amma ɓangaren ƙarshe, inda jarumar take mutuwa da tarin fuka, ban ga da yawa da suka kai ta ba. Ta san abin da take saye da abin da take biya, ta zaɓa da idonta a buɗe, kuma ban ga laifinta ba.

Yanzu ga batun shekara 48. Mawaƙinmu na gida waƙarsa tasa ce. Idan girma ya zo murya ta yi ƙasa, sai ya sauke waƙar zuwa inda muryar take, makaɗa da 'yan amshi su bi shi, kuma tsufan ma ƙara masa kwarjini yake. Zabiyar ofera ba ta da wannan dama. Wanda ya rubuta kiɗan ya mutu shekara ɗari ko ɗari biyu da suka wuce, ya kafa kowane sauti a inda yake so, makaɗa 80 suna karanta takarda ɗaya, jama'a kuma sun haddace, sun san inda ƙololuwar take suna jira. Haka shekarun jarumar ba sa motsi: Manon yarinya ce da ba ta kai ashirin ba, jiya da yau da gobe. Muryar mace kuwa tana canzawa da haihuwa da shekaru, can saman yana raguwa, tsakiya tana ƙara kauri. Mai murya mai nauyi tana da inda za ta koma, akwai rol na uwaye da sarauniyoyi da tsofaffi. Mai siririyar murya hanyarta gajera ce, domin ba a rubuta wa irin muryarta tsofaffin mata ba. Dessay ta duba ta ga ta yi duk abin da muryarta za ta iya ɗauka, saura maimaici, kuma ba ta son ta kai hamsin tana fitowa a matsayin 'yan mata. Ranar 15 ga Oktoba, 2013 ta yi Manon ta ƙarshe a Capitole na Toulouse, gidan da ta fara amshi.

Don haka muryar ba mutuwa ta yi ba. A shekarar ta fitar da faifai tare da marubucin kiɗa Michel Legrand, tana waƙa da makirufo a muryar da ta fi kusa da ta magana, wanda shi ma wani koyo ne sabo, don wadda ta saba cika zaure sai ta koyi ragewa. Ta ci gaba da zagaya duniya tana rera gajerun waƙoƙin Faransanci da Jamusanci ita da mai fiyano Philippe Cassard, inda ita take zaɓar abin da ya dace da ita. A 2015 kuma ta hau dandamali a garin Tours a wasan kwaikwayo na zance zalla, ita kaɗai take magana daga farko har ƙarshe, tana da shekara 50, wato aikin da ta so tun tana budurwa. Lakmé kuwa Sabine Devieilhe ta karɓe shi a Opéra-Comique a 2014.

Tunda na ji alamar abin ya shiga ranki, ga gargaɗi ɗaya, kuma da gaske nake. Kada ki kunna bidiyon ki ce za ki bi ta zuwa can sama. Abin da take yi cikin sauƙi, idan kika kwaikwaya da ƙarfin wuya za ki ji wa kanki ciwo cikin 'yan makonni. Ki fara da numfashi da tsakiyar muryarki, wurin da kike magana, ki nemi wanda ya san aikin ya saurare ki, ko da malamin ƙungiyar mawaƙa ne a sashen kiɗa na jami'arku. Ki yawaita shan ruwa, musamman da hunturu, ki daina kakarin gyara murya da ƙarfi, kuma dushewar da ta wuce mako biyu zuwa uku ba ta zuma da citta ba ce, ta likitan kunne da hanci da maƙogwaro ce, ya sa madubi ya duba.

Don karatunki na wasa kuwa, ki nemi Olympia ɗinta ta shekarun 1990 ki kalla, sannan wasan Landan na 2007, sannan haukar Lucia. A karo na biyu ki kashe sautin gaba ɗaya ki kalli hannuwanta da bayanta da yadda take sauraron abokin wasa lokacin da ba ita ke waƙa ba, ki rubuta abin da kika fahimta na labarin, sannan ki kunna sautin ki gwada da abin da kika rubuta.